Fasinja na Biyu

Litinin, 6 ga Janairu

Likita ya ce idon dama ya fara hazo, na hagu zai biyo shi. Shekara biyu, in an yi sa'a uku. Kwamfutarsa yake kallo yana faɗa, ba ni ba.

Shekara ashirin da shida na yi ina koyar da labarin ƙasa a kwaleji. Kogin ƙanƙara kuwa na zana shi a allo ya fi sau dubu: yadda yake rarrafe, yadda yake niƙe dutse, yadda ya haƙa tafkin nan da ke ƙasan tagata. Ban taɓa ganin ko guda da idona ba. Ko guda. In zan gani, to bana ne.

Ga mai gwiwa irin tawa hanya ɗaya ce, jirgin ruwa daga Seattle zuwa Alaska. Irin jiragen shaƙatawar nan da na ƙare rayuwata ina yi wa masu shigarsu dariya. To, ga ni.

Laraba, 8 ga Janairu

Ofishin tafiye-tafiye, can ƙasan gari. Matar da ke wurin Misis Rasmussen. Ko zama ban yi ba ta ce, "Kira ni Gail." Na ce ni kuma ta kira ni Dakta Tollefson.

Tambayarta ta fari: "Ku nawa ne?"

"Ni kaɗai."

Sai ta langaɓe kai kamar ta zo ta'aziyya. "Ayya. Ai ba komai, muna samun irinku."

Irinmu! Ta cika mini leda da takardun talla. Na kusa zamewa a ƙanƙarar bakin ƙofarsu, ba wanda ya ga dama ya watsa gishirin da zai narkar da ita.

Alhamis, 9 ga Janairu

Na karance su kaf. Duk hoton da na buɗe mutum biyu ne. Biyu a bakin jirgi, biyu a tebur, biyu cikin ruwan wanka, haƙora a waje kamar an biya su. An ma biya su.

Can ƙasa, da rubutun da sai ka kai hanci: kuɗin da aka sa na kowane mutum ne in ku biyu ne a ɗaki. In kai kaɗai ne, ka biya naka ka biya na gadon da ba kowa. Gadon ba ya cin abinci, ba ya ɓata tawul, ba ya neman a kawo masa shayi, amma ni zan ɗauki nauyinsa har Alaska. Tara ce kawai. Tarar rashin kowa. Sun dai yi mata suna mai daɗi.

Matata Judith ta bar ni shekara ashirin ke nan, ban taɓa jin an caje ni a kan haka ba sai yau.

Asabar, 11 ga Janairu

Na tace su sun koma uku. Sunayensu duk iri ɗaya, sarauniyar kaza, tauraron kaza, don haka na raɗa musu nawa.

Mai Ganga. Mutum dubu biyar, kiɗa tun safe. Shi ne ke da ɗakunan mutum ɗaya da yawa, amma a cikin cikinsa suke, ba taga. Kabad da gado. Akwai kuma falo na musamman inda ake tara marasa kowa da yamma, a liƙa maka sunanka a ƙirji kamar kayan da aka tsinta a tasha.

Mai Safar Hannu. Sai da kwat ake cin abinci. Suna ɗaukar tsofaffin maza kusan kyauta don su riƙa rawa da matan da suka zo su kaɗai. Misis Rasmussen ta dube ni sama da ƙasa jiya ta ce, "Kana taka rawa kuwa, Dakta? Kana da tsayin." Digiri uku, a ƙarshe a yi hayata in juya zawarawa.

Mai Lacca. Ƙarami ne, mutum ɗari bakwai, shi ne ke kutsawa har gaban ƙanƙarar ya kashe inji ya tsaya. Suna da wani masani da ke yi wa fasinja bayani. Na ga hotonsa, gemu da murmushi. Zan zauna a layin gaba in ƙirga kurakuransa. Ɗakin mutum ɗaya shida ne kacal a duk jirgin, kuma sun ƙare tun bara.

Shi nake so. Dama ai.

Talata, 14 ga Janairu

Misis Rasmussen ta ce akwai tsarin da za su haɗa ni ɗaki da wani baƙo, "namiji ɗan'uwanka, mai shekaru kamar naka." Kwana bakwai da minsharin wani mutumin Texas da safarsa a kan kujerata. Na ce mata gara in yi iyo.

Laraba, 15 ga Janairu

Sanyi ya yi sanyi. Bututun banɗaki ya daskare. Motoci bakwai ke yawo a garin nan da sunan mahaifina a jikinsu, Tollefson Famfo da Ɗumama Gida, duk na ƙanena Arlo. Na tafasa ruwa a buta na yi ta zuba wa bututun da kaina.

Jumma'a, 17 ga Janairu

Misis Rasmussen ta bugo, murya ƙasa-ƙasa kamar mai sayar da kayan sata.

Mai Lacca ya yi rangwame: fasinja na biyu rabin kuɗi. Amma rangwamen na masu suna biyu ne a takarda. Wanda ya ce shi kaɗai ne zai biya gado biyu cif. Wato in na yi ƙarya na ce mu biyu ne, ya fi arha da in faɗi gaskiya.

"Ka sa sunan wani kawai. Ranar tafiya ka ce bai samu zuwa ba. Kowa na yi. Amma fa ba a bakina ka ji ba."

Na ce mata ni mutum ne da ya kori ɗalibai daga ɗakin jarrabawa kan leƙen takardar wani.

"To ai ba jarrabawa ba ce, Dakta, hutu ne."

Ƙasar da za a ci tararka don ka faɗi gaskiya, a yi maka ragi don ka yi ƙarya. Wannan ce ƙasar da na yi wa 'ya'yanta hidima.

Na ce zan yi tunani. Ƙarya nake, na riga na gama.

Asabar, 18 ga Janairu

Suna ake nema cikakke da ranar haihuwa. Na zauna in ƙirƙiro wani, hannuna ya ƙi. Mutumin da ya saba sa madogara a ƙasan kowane shafi, ko ƙarya zai yi sai ta gaskiya.

Judith ta sake aure, ban ma san sunan da take amsawa yanzu ba. Abokan aiki, rabi sun mutu, rabin da ya rage ban san watan haihuwar ko ɗaya ba. Na juya littafin lambobin waya daga farko har ƙarshe. Abin kunya.

Mutum ɗaya ne na san ranarsa ba sai na duba ba. Uku ga Oktoba. Ina da shekara biyar, aka ajiye ni gidan maƙwabta aka ba ni tuffa, da aka dawo sai ga shi a cikin bargo yana ihu. Bai daina ba har yau.

Bari in rubuta don kada wata rana tsufa ya sa in ce abin bai kai haka ba. Shekara goma sha huɗu da suka wuce kwaleji ta rufe sashenmu, wai ba ya kawo ɗalibai. Sati uku bayan haka, ranar bikin godiya na shekara-shekara da ake yanka talotalo, a gidan Arlo, mutum goma sha ɗaya a tebur. Yana yanka talotalo, ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "To Farfesa, yanzu sai a zo a ga yadda mutane ke aiki." Aka yi dariya. Har yaran. Na ajiye cokalina na ɗauki kwat ɗina. Daga nan shekara shida na yi ina haɗa fenti a kanti, ina ganin motocinsa suna wucewa.

Ban ƙara taka gidansa ba. Da matarsa Lorna ta rasu shekara biyu baya na aika kati. Na kanti, mai rubutu a ciki. Na sa hannu.

Ba zai taɓa sani ba. Suna ne kawai a takarda.

Litinin, 20 ga Janairu

An gama. Mai Lacca, sati na biyu na Yuni, ɗaki mai taga. Fasinja na ɗaya, Norris Tollefson. Fasinja na biyu, Arlo Tollefson. Adireshina na ba su, da lambata, duka biyun.

Misis Rasmussen ta ce ana iya cire suna ko canza shi har zuwa ƙarfe biyar na Jumma'a 21 ga Fabrairu. Bayan nan tikiti ya zama na mai sunan, ba mai taɓa shi. Na ce ba ruwana da wannan.

Karo na farko a shekara sittin da takwas da ya yi mini amfani. Na sayi kifi mai kyau na soya.

Laraba, 29 ga Janairu

Na dawo daga ɗakin karatu na tarar da saƙo a waya.

"Farfesa. Ni ne. Arlo." Sannan: "Wani saƙo ne ya shigo mini daga mutanen jirgi. To... ka kira ni."

Na saurara sau uku. Muryar ta tsufa. Ban kira ba.

Alhamis, 30 ga Janairu

Tara saura na isa ofishin, na tsaya a sanyi har ta buɗe.

Ashe Arlo da Lorna sau huɗu suna tafiya da wannan kamfani. Sau huɗu! Kwamfutarsu ta ga suna, ta ga ranar haihuwa, ta gane tsohon kwastoma, ta aika masa da barka da dawowa. Har da hoton kifin nan ƙato yana tsalle.

"Ai da ka ce mini ɗan'uwanka ne na gaske, kuma yana garin nan! Na ɗauka wani ne da ya rasu."

Na ce da ya fi sauƙi.

Ba ta ma gama ba. Saboda shi tsohon kwastoma ne sun ɗaga mu daga ɗaki mai taga zuwa mai baranda, kyauta. Mu! Baranda da kujeru biyu, daidai gefen da ake ganin ƙanƙarar. Abin da digirina uku ba su samo mini ba, sunan mai gyaran masai ya samo cikin dare ɗaya.

In na cire shi baranda ta tafi, rangwame ya tafi. Wannan duk da sauƙi. Abin da ba sauƙi shi ne Arlo ya riga ya ga sunansa. Ita ma ta sani, shi ya sa ta yi ta gyara takardun da ba su karkace ba.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na ɗaga waya da rana ina zaton kantin magani ne.

Arlo ne. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Mu ba ma yi. Ya ce tun da Lorna ta tafi ko hoton teku ba ya iya kallo. Sau biyu ya ɗauko takardun jirgi ya mayar, don ita ce ke kwana ta gefen taga, bai san yadda zai yi da gadon ba. Sai ya ce, "Na gode, Norris."

Rabona da jin sunana a bakinsa tun Mama na da rai.

Kalma biyar ce: ba gayyatarka na yi ba. Na jera su a baki. Abin da ya fito shi ne, "Ka duba fasfonka ko ya mutu."

Matsoraci. Tsohon matsoraci mai digiri.

Talata, 4 ga Fabrairu

Wasiƙa. Ta farko shafi uku, ta koma tarihin iyali. Ta biyu layi huɗu, kamar takardar kora daga aiki, kuma na san ɗanɗanon irinta. Ta uku ban wuce "Arlo," ba.

Ni me na yi? Kamfani ne ya tsara zalunci, mata ta koya mini dabara, kwamfuta ta tona. Amma ni ne ba na iya cin abinci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ya zo. Ba sanarwa, ƙarfe goma na safe, sai ƙwanƙwasa irin ta masu karɓar haya.

Ya rame. Rigar ta yi masa yawa, ga na'urar ji a kunnen hagu. Ya shigo ya dubi littattafai har rufi ya ce, "Har yanzu ba ka gama karance su ba?" Ya taɓa hitar ɗumama ɗaki da bayan hannu, ya girgiza kai, bai ce komai ba. Da ma ya ce.

Ya zo da jaka cike da ilmi. Wai a nemi zaman cin abinci na farko, don na biyu sai takwas da rabi, "kai kuma ka san cikinka." Wai tebur na mutum takwas ya fi, in ɗaya ya gundure ka sai ka juya ga wani. Wai kada in sayi yawon da jirgi ke sayarwa a tasha ta biyu, akwai wani mai ƙaramar bas da ya sani. Wai in zo da safar hannu mai yankakkun yatsu saboda kyamara. Duk daidai ne, na duba bayan ya tafi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ya gan shi sau biyu. Kogin ƙanƙarar. Na tambaye shi yaya yake, ban so na tambaya ba.

"Shuɗi ne. Kamar ruwan wanke gilashin mota. Kuma yana ƙara kamar ana harbi."

Na fara yi masa bayanin dalilin shuɗin. Ya ce, "Farfesa, ajiye na cikin jirgi, kada ya ƙare."

Awa ɗaya da rabi ya yi. Sau uku na buɗe baki. A bakin ƙofa ya tsaya yana fama da zip ɗin rigarsa, na kau da kai har ya gama.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Ba abin rubutawa. Dusar ƙanƙara. Haushi.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Misis Rasmussen: "Dakta, kwana tara ya rage. In cire shi za ka yi, ka gaya masa da bakinka, don ina taɓa madannin nan kwamfuta za ta aika masa an soke. Ba ta da kunya."

Na ce ban nemi shawararta ba.

"Shawarata ce ta kawo mu nan, shi ya sa nake ƙara wata."

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Zan rubuta yadda ya faru, ba yadda nake so a ce ya faru ba.

Ya kira ni karin kumallo bayan coci, a gidan abincin nan na kusa da gada. Na tafi da niyya. Kowa a wurin ya san shi. Mai kawo abinci ba ta ma tambaye shi ba, ta dire masa fanke da ƙwai biyu. Ya nuna ni da cokali: "Yayana ne. Shi zai kai ni Alaska." Ashe ya gaya wa 'yarsa, ya gaya wa ma'aikatansa, ya gaya wa fasto.

Ina neman inda zan fara, sai ya zuba zuma a fanke ya ce, yana dariya, "Kai dai an yi sa'a. A ƙarshe za ka ga abin da ka yi shekaru kana cin albashi a kansa."

Murya ɗaya da ta ranar talotalo. Ko ɗaga kai bai yi ba. Jini ya hau mini har kunne.

Na ce masa ba gayyatarsa na yi ba. Na ce cikon takarda ne shi, suna ne da aka sa don a rage kuɗi, don babu wani sunan a hannuna. Na ce an tsara ne a kan ba zai zo ba, rashin zuwansa shi ne duk amfaninsa. Na faɗa da ƙarfi. Mutanen teburin baya suka yi tsit.

Ya tauna abin da ke bakinsa. Ya haɗiye. Ya ce, "Na sani."

Na ce ya san me.

"Haba Norris. Sau huɗu na shiga jirgin nan. Akwai wata mata a teburinmu, sunan kakarta ta sa, kakar kuwa ta shekara goma a ƙasa. Ina ganin saƙon na san abin da ka yi. Wa zai gayyaci mutum ta kwamfuta, ya sa adireshin kansa?"

To don me ya bugo yana godiya, ya bar ni sati biyu ina ƙonewa?

"Na zauna a mota na yi lissafi. Na ce in gayyata ta gaskiya zan jira daga wurinka, sai dai ta jana'iza, kuma ban san ta wa ba. Ga ƙofa ka bari a buɗe da kuskure, na shigo. Sai ka kore ni da kanka."

Na ce shekara goma sha huɗu bai taɓa ba ni haƙuri ba. Sai ya ajiye cokali.

"Maganar ranar talotalo? Na rantse maka ban ma san na faɗa ba. Sai da aka watse Lorna ta maimaita mini, ta ce bakina ya fi magudanar da nake gyarawa ƙazanta. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Na ce zan bari ka huce. To kai ba ka hucewa."

Bai san ya faɗa ba! Ni na haddace har inda wuƙar take a jikin talotalon, shi bai san ya faɗa ba.

Ya tashi, ya ajiye kuɗin nasa abincin kaɗai a gefen faranti. Wannan dai ya san ni. Ya ce, "Kana da har Jumma'a ƙarfe biyar, na san dokar. Ka cire in ka ga dama, ba zan zo ina roƙo ba. Amma baranda tawa ce, ka sani."

Ya bar rabin fanken. Arlo bai taɓa barin abinci ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Wannan ba ban haƙuri ba ne. Na juya maganar ta kowace fuska, babu haƙuri a cikinta. Wayo ya yi mini. Ni na yi niyyar amfani da shi, shi ya yi da ni, kuma har da masu kallo.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Na buga wa Misis Rasmussen na tambayi batun Mai Ganga. Akwai ɗakin mutum ɗaya guda da ya rage, hawa na goma, ba taga. Ba ya shiga kusa, amma ana hangowa in ka riga mutum dubu biyar zuwa bakin ƙarfe. Ba sunan kowa, ba godiyar kowa, ba baranda ta alfarma. Ta ce za ta riƙe mini shi zuwa Jumma'a.

Shi ne daidai da ni. Abin da na zo nema tun farko ke nan, in tafi ni kaɗai a bar ni.

Waya ba ta yi ƙara ba tun Lahadi. Ya ce ba zai roƙa ba, kuma shi abin haushin, ba ya ƙarya.

Jumma'a, 21 ga Fabrairu

Huɗu da kwata na shiga ofishin Misis Rasmussen. Ta riga ta ajiye takardar cire suna a tebur, da biro a kai. Layi ɗaya zan sa wa hannu.

Na zauna. Na ga wata takardar a ƙarƙashi, ta tsarin tafiyarmu, an cika wurin cin abinci: zama na farko, tebur na takwas. Na ce wa ya cika wannan? Ta ce Mista Arlo ne ya bugo tun sati biyu da suka wuce.

Raina ya ɓaci. Na ce da izinin wa? Ni ne fasinja na ɗaya. Ba zan yi kwana bakwai ina sauraron labarin jikokin wasu mutanen Ohio ba, da ciwon ƙugunsu, da nawa suka sayi agogo a tasha. Ta ce to ai teburin takwas ne ake sa duk wanda ya zo shi kaɗai ma. Na ce ba ruwana da abin da ake yi wa masu zuwa su kaɗai, ta goge ta sa ƙaramin tebur, can gefe, nesa da ƙofar kicin, don shi kunnensa ɗaya ne, a cikin hayaniya ba abin da zai ji, sai ya yi ta ihu yana ba ni kunya.

Ta cire tabaranta ta dube ni.

"Tebur na mutum nawa, Dakta?"

Na ce ta daina yi mini tambayar da ta san amsarta.

Ta buga. Ta tambayi gado, haɗe ko rabe. Na ce rabe, kuma in da hali a sa bango. Muka yi jayayya kan inshora, muka yi kan motar da ke kai mutane tashar jirgin, wadda fashi ne da rana tsaka, na kuma gaya mata haka. Da na duba agogon bango biyar da minti shida.

Ta zare takardar daga ƙarƙashin biron ta jefa a kwando. Na ce ban ce ta yar ba. Ta ce, "Ta mutu ai."

Ba su dai watsa gishirin ba har yau.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na buga masa ne kawai don ya san dokoki. Gadon kusa da baranda nawa ne. Ba rediyo. In mun isa gaban ƙanƙarar ba magana, ko ɗaya, sai na ce. Kuma kada ya sake ya kira ni Farfesa a gaban mutane.

"To, Farfesa."

Ba sulhu ba ne. Maganar tana nan, zan ɗauko ta a jirgi, kwana bakwai ba inda zai gudu.

Ya ce shi zai tuƙa mu filin jirgin sama, ƙarfe nawa zai zo? Wata huɗu saura, mutumin nan yana tambayar ƙarfe nawa. Na ce bakwai ta isa. Ya ce shida da rabi, ana aikin hanya a Yuni. Na ce bakwai, na yi lissafin nisan. Ya ce shi ya yi tuƙin. Na kashe wayar.

Na rubuta shida da rabi a kalanda. Da fensir.